Gonar da Ba Za a Yanka Ta Fuloti Ba

Neman abin yanka ne ya kai mu gonar. Matar autanmu ta haihu a farkon watan Oktoba na 2023 a birnin Burlington da ke jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, dab da iyakar Kanada. Mahaifiyarta ba ta samu biza ba, ni kuwa ina da tawa, ga shi na yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa, sai dangi suka ce ni zan je in riƙe mai jego. Na hau jirgi uku kafin in isa, na ƙarshen ɗan ƙarami ne daga Niyok. Da ya fara sauka na leƙa ta taga, sai na ga tsaunuka sun yi ja da ruwan ɗorawa kamar an shanya atamfofi. Lokacin kakarsu ne, ganye na sauya launi kafin ya zube.

Kwana biyar da haihuwa ƙanina ya ce, "Yaya, shirya ki raka ni mu zaɓo taure. Ke kika san dabba, ni na manta."

Na ɗauka tafiyar yini za mu yi. Ashe ko minti ashirin ba mu yi a mota ba. Mun bar gari, mun haye kogin Winooski, muka shiga yankin Colchester. Abin da ya fara ɗaukar hankalina a hanya shi ne rashin allunan talla. Ko ɗaya babu, don jihar ta hana kafa su a bakin titi tun 1968, saboda haka idonka kan gonaki da duwatsu yake sauka. Muka karya kwana muka bi wata 'yar hanya, sai ga dogayen rumbunan dabbobi irin nasu na katako, ga warin awaki ya tarye mu. Wallahi sai da na lumshe ido, na ji kamar ina bayan gidanmu na ƙauye.

Sunan wurin Pine Island Community Farm. Faɗinsa ya kai eka 230, akasarinsa fadama ce da kogin ya yi wa ƙawanya. Mai kiwon awakin mutumin ƙasar Butan ne ta nahiyar Asiya, cikin waɗanda suka yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira a Nepal kafin a kawo su Amurka. Ya shiga da mu garke, na duba haƙora, na taɓa gadon baya, na nuna wani jan taure mai farin goshi. Ba mu da harshe ɗaya da shi sai guntun Turanci, amma da ya ga inda na sa hannu ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ya san na san abin da nake yi.

Yadda kiwon ya samo asali ya burge ni. Vermont ƙasar madara ce, kuma akwai gonakin da ke tatsar awaki suna yin cuku. Akuya ba ta ba da nono sai ta haihu, kuma rabin abin da take haifa maza ne, waɗanda mai tatsa ba shi da abin yi da su. A ɗaya gefen ga dubban baƙi da aka tsugunar a Burlington da kewaye, 'yan Somaliya da Butan da Kongo da Burundi da sauransu, mutanen da suka tashi da naman akuya, amma sai dai su sayi daskararre da aka yo jigilarsa tun daga Ostareliya. A 2013 aka haɗa wannan da wancan: a karɓo 'yan bunsuran suna jarirai, a raine su a nan, mai bukata ya zo ya zaɓa da idonsa. Akwai ɗakin yanka mai tsabta a cikin gonar, kowa ya yi bisa addininsa. Ranar suna da asuba ƙanina ya koma da wasu abokansa biyu, ya fuskantar da tauren alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka da hannunsa.

Amma a wannan ranar ta farko, bayan mun gama ciniki, sai na ce ina so in taka zuwa gangare. A can ƙasa aka yanka wa iyalai da dama 'yan gayauni. Na ga karan masara, na ga alayyafo ya yi 'ya'ya, na ga gauta irin tamu. Wata mata da goyo a baya tana tsinke wake tana zubawa a bakin zani. Na kuma ga busasshen laka a jikin itatuwa, sama da ƙuguna, shaidar ambaliyar da aka yi a watan Yulin shekarar. Na tsaya na dubi filin, na waiga na dubi inda muka fito, inda gidaje da shaguna ke nan kusa, sai tambayar da duk Bakano zai yi ta fito daga bakina.

"Wai wannan filin na wane ne, har yanzu ba a yanka shi ba?"

Ƙanina ya yi shiru kaɗan, don ya san inda tambayar ta dosa. Sannan ya ce, "Na wata ƙungiya ce, Yaya. Ba za a taɓa yanka shi ba. A rubuce yake."

Gonar mahaifinmu tana bayan Kumbotso. A can na koyi bambanta gero da dawa tun suna tsiro. Akwai ɗorawa uku a tsakiyarta, da tsamiya a kusurwar gabas, iyakarta kuwa gamba ce da kakanmu ya dasa. Bayan rasuwar Baba gari ya matso, dillalai suka fara sintiri, aka yi rabon gado, aka sayar. Cikin shekara biyu aka yi mata awon igiya. Yau in na bi ta wurin ba na iya nuna inda tsamiyar take, sai bulo da kwata da lunguna waɗanda mota ba ta shiga. Shi ya sa maganar "a rubuce yake" ta tsaya mini a rai, na ce sai na gane wace irin takarda ce wannan da ta fi ƙarfin dillali.

Zaman jego yana da dogon dare. Bayan na yi wa jaririya wanka na dama wa uwarta kunun kanwa, sai in zauna da kwamfutar ƙanina ina karatu, abin da ya shige mini duhu in tambaye shi da safe. Ƙungiyar sunanta Vermont Land Trust. In zan faɗa da Hausa sai in ce ƙungiyar riƙon amanar ƙasa. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta neman riba ba ce. An kafa ta a 1977 a garin Woodstock, lokacin da mutanen yankin suka ga gonaki na komawa gidajen hutu na masu kuɗin manyan birane. Zuwa yanzu ƙasar da ta sa hannu aka kiyaye ta haura eka 600,000, wato fiye da kashi goma cikin ɗari na jihar baki ɗaya. Irinta suna da yawa a Amurka, sun haura dubu, wasu na gari ɗaya ne kacal, kamar ta garin Stowe da aka kafa a 1987. Tsohuwar cikinsu tana jihar Massachusetts tun 1891.

Gonar awakin nan ƙungiyar ce ta saye ta take riƙe da ita. Amma mafi yawan aikinta ba sayen ƙasa ba ne, kuma nan dabarar take. A wurinsu mallakar fili kamar damin itace ne, kowane ice da sunansa: ikon noma, ikon sayarwa, ikon barin gado, ikon yankawa a yi gini. Sai a zare ice ɗaya daga cikin damin, wato ikon yankawa da gini, a biya manomi kuɗinsa, sauran damin ya ci gaba da zama nasa. A misali, a ce mai gini zai sayi gona dala dubu 500, manomi ɗan uwansa kuma ba zai iya wuce dala dubu 300 ba don abin da gonar za ta iya fitarwa ke nan. Wannan ratar ta dubu 200 ita ake ba mai gona. Shi kuma ya sa hannu a yarjejeniya, a kai ta ofishin rajistar filaye na garin a liƙa ta a tarihin gonar. Daga ranar, ko ya sayar, ko ya mutu 'ya'yansa sun gada, ko jikokinsu sun sayar wa baƙo, sharaɗin yana biye da ƙasar. A yi noma, a yi kiwo, a sari itace bisa tsari, amma ba fuloti. A gonaki da yawa har da ƙarin sharaɗi: in za a sayar wa wanda ba manomi ba, ƙungiyar tana da damar shiga ta saya a farashin gona, ta miƙa wa mai noma. Wasu masu ƙasar ma kyauta suke ba da wannan ikon, gwamnati ta rage musu haraji.

Da na fahimci wannan sai wakafi ya faɗo mini a rai, da labarin gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibara, wadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Tushen tunanin ɗaya ne, wato mutum ya ɗaure hannunsa da na bayansa don abu ya dawwama. Bambancin shi ne ta Vermont ana sayar da ita ana kuma gadonta, abu ɗaya tak aka haramta mata.

To kuɗin fa, daga ina? Wannan ya sa na matsa wa ƙanina ya kai ni Montpelier, babban birnin jihar, tafiyar kamar minti arba'in a babbar hanya, kogin Winooski yana gefenmu kusan duk tafiyar. Sunan kogin daga harshen Abenaki ne, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, kuma yana nufin wurin albasa, saboda albasar daji da ke fitowa a bakinsa. Su ne suka fara noma masara a waɗannan fadamu, ƙarnuka kafin a zo da wata takardar mallaka. A hannun dama muka hango wani tsauni da ake kira Tozon Raƙumi da Turanci, kuma lalle ya yi kama.

Montpelier ɗan gari ne, mutanensa wajen 8,000, bai kai wata unguwar Kano ba. Majalisar jihar tana da ƙubba mai ruwan zinariya, a samanta an kafa siffar mace da ke wakiltar noma. Ranar 10 da 11 ga Yuli na 2023 ruwa ya shanye tsakiyar garin. Wata uku bayan haka muka je, shaguna da yawa suna rufe, an ɓamɓare bangonsu na ciki ana shanyawa, warin danshi na fitowa ta ƙofofi. A wannan garin ofishin ƙungiyar yake, a nan kuma hukumar da ke ba ta tallafi mafi tsoka take, wato Vermont Housing and Conservation Board, wadda majalisar jihar ta kafa a 1987. Duk wanda ya sayi gida ko fili a Vermont yana biyan harajin sauya mallaka, wani kaso na wannan harajin shi ke shiga asusun hukumar. Ita kuma ta raba shi tallafi ga abu biyu: gina gidaje masu sauƙin kuɗi, da kiyaye gonaki da dazuzzuka. Ma'aikatar noma ta tarayya ita ma tana da shirin da ke biyan har rabin kuɗin irin wannan yarjejeniya a kan gona. Ragowar sai a nema wurin gidauniyoyi, da asusun garuruwa, da mutanen gari masu ba da dala ashirin, hamsin, ɗari.

Wannan haɗin na gida da gona a hukuma ɗaya shi ya fi kwanta mini. Duk lokacin da na yi kukan gonar Baba, amsar da ake ba ni ita ce, to mutane a ina za su kwana? Tambaya ce ta gaskiya. Su sai suka zaunar da mai neman muhalli da mai tsaron gona a teburi ɗaya, kuɗinsu daga tukunya ɗaya, kuma cinikin filayen da ke barazana ga gonakin shi ne ke zuba wa tukunyar ruwa.

Duk wannan karatu ne da kallo. Abin da ya shige ni sosai ya faru ne wata Asabar a ƙarshen Oktoba. Wata maƙwabciyar su ƙanina, dattijuwa mai son hira, ta ji ina yawan tambaya, sai ta ce in zo mu je aikin gayya. Wata ƙaramar ƙungiyar amanar ƙasa ta samu tallafin dasa itatuwa a bakin rafi cikin wata gonar shanu da aka riga aka kiyaye, tana neman hannu. Mai jego ta ce, "Yaya ki je, zan iya da ita." Aka ara mini takalmin roba mai tsawo da safar hannu da rigar sanyi biyu, na ɗora a kan atamfata.

Mun kai mu ashirin, da tsofaffi da ɗalibai da wani uba da 'ya'yansa biyu. Sanyi yana cizon yatsa, raɓa ta daskare a kan ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Wadda ke jagorantar aikin yarinya ce da ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba, da hular ulu da laka har gwiwa. Ta nuna mana inda ambaliya ta zaftare gaɓar rafin, ta cinye wani yanki na makiyaya, sandunan shinge suna reto a iska. An ja da shingen baya kamar ƙafa hamsin daga bakin ruwa, shanu ba za su ƙara shiga wannan zirin ba, mu kuma za mu cika shi da itatuwa. Dalilin ba na gonar kaɗai ba ne. Duk takin da ruwa ya wanke daga nan, tafkin Champlain yake ƙarewa, babban tafkin da Burlington ke bakinsa take kuma sha daga gare shi. Sinadarin takin yana haifar da wata koriyar gansakuka mai dafi, har a rufe wuraren wanka da zafi. Saiwar itatuwan za ta riƙe gaɓa, ta tace abin da ke gangarowa, inuwarsu ta sanyaya ruwa don kifi.

Iri biyu na dasa da hannuna. Ɗaya wata bishiyar bakin ruwa ce da ba ta bukatar saiwa, reshe kawai ake fiƙewa a soka a laka, daidai yadda muke kafa dashi ko cediya. Da na ga haka na karɓi guduma na ci gaba ba tare da an nuna mini ba. Ɗayar kuwa dangin mapul ce, bishiyar da suke tatsar ruwan wata irinta a ƙarshen hunturu su dafa, lita arba'in ta ba da lita ɗaya ta wani abu mai kama da zuma. Kowane dashe sai an zura masa bututun roba mai tsawon ƙirji an ɗaure da turke, don barewar dajinsu da ɓeraye ba sa barin ɗanyen tsiro. Na durƙusa ina danna ƙasa a gindin wani, hannuna ya yi sanyi har ba na jin sa, na tuna yawan bikin dashen itatuwa da na kai ɗalibai a rayuwata: a zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, a zuba ruwa da sabuwar buta, bayan mako biyu awaki sun gama da su. Na tambayi yarinyar wa zai dawo ya duba waɗannan. Ta ce ita. Tallafin da aka ba su ya ƙunshi dawowa a ƙirga waɗanda suka rayu, a maye gurbin matattu, a rubuta wa masu ba da kuɗin rahoto.

Da muka zauna cin abinci a bayan motarta ta fito da wani kundi mai kauri ta nuna mini. Kundin gonar ne. Ranar da aka sa hannu a yarjejeniya ake haɗa shi: taswira, hoton kowace kusurwa, inda rumbu yake, inda daji ya fara, inda rafi ya bi. Kowace shekara sai wani daga ƙungiyar ya zo ya zaga, ya gwada abin da ke ƙasa da abin da ke kundi, ya zauna da mai gona su yi magana. Ta ce wanda ya sa hannu da kansa ba ya cika ba da wahala, don shi ya so abin. Aikin yana ga na biyu da na uku, wanda ya saya ko ya gada, bai san dalili ba, ya wayi gari yana son ya fasa hanya ko ya kafa gini inda ba a yarda ba. Yawanci da zama da bayani ake warwarewa, kotu sai in ta ƙure. Saboda haka duk gonar da za su karɓa sai sun ware wani kuɗi sun zuba a asusun da ba a taɓa uwarsa, ribarsa ce ke biyan mai da albashin masu zagaye.

Na tambaye ta abin da ya fi mata wuya. Na zaci za ta ce sanyi ko kaska, don dajinsu akwai kaska mai sa ciwo. Sai ta ce rubutun neman tallafi. Rabin hunturu a kan tebur take yin sa, wannan gidauniya tana son a kawo rabin kuɗin daga wani wuri kafin ta ba da nata, waccan tana da wa'adin shekara biyu. Kuma samun kuɗin sabon aiki ya fi sauƙi a kan samun na kula da tsohon. Na gane maganarta sarai. Ko a wurinmu, mai gina masallaci ya fi mai gyaran rufinsa yawa. A ganina wannan yarinya da kundinta su ne ainihin takardar da ƙanina ya ce a rubuce take. In babu mai zuwa kowace shekara da takalmin roba, rubutun ba zai hana kowa zuba bulo ba.

Bayan azahar, wadda na yi a gefen mota a kan rigar sanyi, aka koma sarar wata ciyawa mai kara kamar gora da ta mamaye wani lungu na gaɓar. Daga Asiya aka kawo ta don ado, ta gagari kowa. Ɗan guntun saiwarta in ambaliya ta ɗauka ta yar a gaba, sabon daji ne. Ta tuna mini da kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Ba a gama da ita a rana ɗaya, sai an yi ta dawowa shekara da shekaru.

Kafin mu tafi dattijuwar nan ta ja ni cikin dajin da ke bayan makiyayar ta ce akwai abin da za ta nuna mini. Muna cikin tafiya a kan busasshen ganye, tsakanin manyan itatuwa, sai ga katangar duwatsu, tsayinta bai wuce gwiwa ba, gansakuka ta rufe ta, ta miƙe sambal cikin daji har inda ido ya ƙare. Na ce wa zai gina katanga a tsakiyar kurmi? Ta ce da ba kurmi ba ne, makiyayar tumaki ce. A 1811 wani jami'in jakadancin Amurka a Lisbon mai suna William Jarvis ya kawo tumakin Merino masu ulu, kiwonsu ya zama abin yayi, zuwa 1840 tumakin jihar sun haura miliyan ɗaya da rabi. Aka sare daji aka kai har kan tsaunuka, mafi yawan ƙasar ta zama fili, ruwa ya riƙa wanke ƙasa yana cika koguna da yashi. Da kasuwar ulu ta faɗi mutane suka watse zuwa yamma, daji ya dawo da kansa. Yau kusan kashi uku cikin huɗu na Vermont daji ne. Na dafa dutsen, sanyi ƙalau. Shekara talatin ina koya wa yara cewa hamada na matsowa, ban taɓa tsayawa a wurin da aka ƙwaƙule sannan ya warke ba sai ranar. Ruwan samansu ya fi namu nesa ba kusa ba, na sani. Amma abin da na lura shi ne, filin da tumaki suka cinye ya dawo, wanda aka zuba wa kankare kuwa ba mai sa ran dawowarsa.

Daren nan muka yi maganar da muka daɗe muna kauce wa ni da ƙanina. Ina ba shi labarin yinin da zumuɗi, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaya, kin san kuɗin hayar gidan nan da muke ciki? Rabin albashina. Garin nan ba gidaje. Kuma wa ya ba mutumin yau ikon ya ɗaure wanda za a haifa nan da shekara ɗari?" Ya ɗan yi shiru. "Kason da na samu a gonar Baba shi ya kai ni jami'a. Ba don shi ba da ba na nan."

Ban musa masa ba, don gaskiya ya faɗa. Ni ma da nawa kason na rufa ɗakuna biyu na aurar da 'ya. Ba mugunta ce ta sa muka sayar ba, bukata ce, kuma hanya ɗaya ce a gabanmu: ko mu riƙe gona mu zauna da talauci, ko mu miƙa wa dillali. Abin da na ce masa shi ne, manomin Vermont an buɗe masa hanya ta uku. Ya karɓi kuɗi ya biya bashi ko ya kai ɗa makaranta, gona kuma tana nan ana nomawa. Su ma ba duka ta tsare musu ba, don gonakin madara da suka haura 10,000 a shekarun 1940 yanzu ba su kai 600 ba. Sai dai in mai shanu ya gaji ya daina, ƙasar tana jiran wani, ko da mai awaki ne daga Butan. Ƙanina ya ce a Najeriya dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, yana iya karɓe ta don amfanin jama'a, wace yarjejeniya ce za ta tsaya? Na ce wannan aikin masana shari'a ne da malamai, amma wakafi ba baƙonmu ba ne, hurumi da burtali da makiyaya ma kakanninmu sun san su, kuma sun tsaya muddin akwai mai zagaya su. Jaririya ta farka, maganar ta tsaya a nan.

Na dawo gida a farkon Disamba, ranar da na baro su dusar ƙanƙara ta rufe gari. Akwai wata 'yar fadama da ta rage mana ta wajen mahaifiyarmu, a ƙauyensu, mu bakwai ke da hakki a cikinta, wani ɗan kawunmu ne ke noma ta. Mako biyu da dawowata na hau mota na je. Na ce masa, "Ɗan uwa, zo ka zaga da ni iyaka." Ya yi mamaki amma ya ɗauko sandarsa. Muka fara daga gindin giginya, muka bi gamba har bakin rafi, jikana yana biye da mu da waya yana ɗaukar hoton kowace kusurwa da kowace bishiya, ni kuma ina rubutawa a littafin makaranta: mangwaro huɗu, giginya biyu, gawo ɗaya, rijiya a kudu. A kusurwar yamma muka tarar maƙwabci ya ci kamar taku uku, gambar wurin ta mutu ba a sake dasawa ba. Muka je muka yi sallama da shi, aka kira mai unguwa, aka daidaita ba tare da ɗaga murya ba. Da la'asar na aika wa sauran shidan hotunan, har da autanmu, na ce ina so mu zauna bayan sallah kafin wani dillali ya riga mu. Shi ne ya fara amsawa, ya ce a sa shi a waya in an zauna.